Saki Biyu A Gindin Gwaiba

Assalamu alaikum 'yan uwana masu karatu. Na ga saƙonninku kaf, har da na wadda ta ce in ban dawo na ƙarasa ba za ta hau mota ta zo Birnin Gwari ta same ni. Hajiyata, yi zamanki, hanyar nan tamu ba ta zuwa jin gulma ba ce. Ga ni na kawo kaina.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Muslimat, ni ce 'yar farin Malam Ɗalha mai hatsi. Na karanta kwamfuta a Zariya, na yi bautar ƙasa, na dawo gida da digirina da wata tsohuwar laftof wadda batirinta sai da lallashi. Tun ranar da na ajiye akwati Gwaggo Huraira, ƙanwar Baba, ta ɗauki aurena ta mai da shi sana'arta. Ko gaisuwar safe muka yi sai ta liƙa min “yaushe za ki fito da miji” a ƙarshe.

To na fito da shi. Sunansa Bilyaminu, mutumin Damari ne da ya dawo cikin gari da zama, shi ke kula da katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Dogo ne, baƙi, mai hushirya, ba ya son hayaniya, kafin ya furta kalma sai ya auna ta kamar mai sayar da zinare. Ina sonsa, ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina sonsa sosai. Baba ya yi bincikensa a kasuwa da masallaci, ya ce manyansa su zo ranar Asabar a yi magana. Abin da ya so ya rushe Asabar ɗin nan shi zan ba ku yau, kuma bakina ne ya jawo.

Bari in fara da yadda muka haɗu, don can ne tushen. Asibitinsu yana da ɗan reshe a Tabanni. Fayilolin marasa lafiya duk suna kan kwamfuta ɗaya a gari, ta Tabanni tana leƙo su ta layin waya. Duk lokacin da sabis ya ɗauke ana tsakiyar buɗe fayil, sannan ya dawo, sai kwamfutar ta sandare, ga mai ciki a zaune tana jira. Masu gyara suka ce zafi ne, aka saya mata fanka. Ba ta daina ba. Wani ya ce da Bilyaminu ai 'yar Malam Ɗalha ta karanci abin nan, ya zo ƙofar gidanmu da kwamfuta a buhu. Daga nan kuma ya ci gaba da zuwa ba buhu.

Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar irin ta a buɗe ce, kowa na iya karanta cikinta, ya yi gyara, ya aika wa masu kula da ita su duba. Na yi makonni ina bin sashen da ke raba fayil ta layi har na kama ƙwaron, wato kuskuren da ke cikin manhajar. Ku saurara da kyau, ba wuya. Idan kwamfuta biyu za su yi magana, ana ƙulla musu mahaɗa, a ware mata ɗaki a ƙwaƙwalwar kwamfuta. In layi ya yanke sai a sake ta, ɗakin ya zama na wani. Turawa kalmar 'yantawa suke amfani da ita, ni kuwa tun muna makaranta “saki” nake cewa, bakina ya saba. Matsalar ita ce akwai wani ɗan sashe mai aikin sake ƙulla layi, shi ba a sanar da shi an yi sakin ba. Yana riƙe da tsohon adireshi. Sabis na dawowa sai ya faɗa ɗakin, ya tarar da kayan wani, ya hau birkitawa, in ya gama kuma ya ƙara sakinta. Mutuwar kwamfuta ma mai sauƙi ce. Mugun da ya gane kan abin zai iya zuba nasa kayan a ɗakin nan, ya ƙwace kwamfutar gaba ɗaya daga nesa.

Kuna mamakin yadda manyan masana na duniya ba su gani ba sai ni? Ba wayo na fi su ba, sabis ɗinsu ne ba ya wasan ɓuya. Mu kuwa a tsakar gidanmu kaɗai, gindin gwaiba sabis cike yake, ka shiga madafi babu ko ɗigo. Na rubuta wa mai kula da sashen, wani dattijon Bature da ban taɓa ganin fuskarsa ba, Mai Duba nake ce masa. Ya amsa da cewa lallai ƙwaro ne babba, in rubuto faci. Eh, faci, kamar na taya, haka suke kiran gyara. Ya kuma roƙe ni kar in nuna wa kowa yadda ake tayar da shi sai an toshe ramin, don kar ya faɗa hannun miyagu. Na yi masa alkawari.

Ranar Laraba da hantsi ina tsaye a gindin gwaiba, da ɗan kwalina na atamfa mai ruwan goro a kafaɗa saboda zafi, ina waya da Bilyaminu. Ku da kuka san ni kun san ba ni da ƙaramar murya.

“Kai ne ba ka gane ba, Bilyaminu,” na ce. “An riga an sake ta tun farko. Saki ɗaya ya isa. Amma sai a koma ɗakinta kamar ba abin da ya faru.”

Ya ce, “To sai kuma me?”

“Sai a ƙara sakinta! Saki biyu ke nan fa. Shi ne abin da ke kashe mu. Amma don Allah kar kowa ya ji tukuna, ka bari sai na gyara komai.”

Na ji ƙarar kwano a bayana. Ina juyawa na ga Gwaggo Huraira a bayan zanin gadon da Inna ta shanya, kwaɗon zogalen da ta kawo mana ya watse a ƙasa, kaji har sun fara biki.

“Sannu da zuwa, Gwaggo.”

“Ba sannu ba! Innalillahi! Saki biyu, Muslimat? Kuma yana komawa ɗakinta?”

Wallahi dariya ce ta fara kama ni, kuma ita ce kuskurena na biyu. Gwaggo ta yafa mayafinta a karkace, ta fita ko takalminta ba ta saka daidai ba.

Bayan la'asar Baba ya dawo daga kasuwa tare da ita. Aka shimfiɗa tabarma, aka kira ni. Baba mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Inna tana bakin madafi tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

“Muslimat, gwaggonki ta ce ta ji kin ce kar kowa ya ji. Haka ne?”

“Haka ne, Baba.”

“Wace ce aka saka?”

“Baba, ba mutum ba ce. Abin cikin kwamfuta ne.”

Gwaggo ta tafa hannu. “Yaya, ka ji ko? Kwamfuta! Kwamfuta ake yi wa saki biyu? Ta yi idda? Wa ya yi mata waliyyi? Ni dama shirun yaron nan bai kwanta min ba. Yanzu saura igiya ɗaya tsakaninsa da matar, kuma da ita za a haɗa 'yarmu kishi.”

“Huraira, bari ta yi magana,” in ji Baba. Ya dube ni. “Tunda kwamfuta ce, ɗauko ki nuna min.”

Nan na tsaya. Ga alkawarin da na yi wa Mai Duba, ga Gwaggo da waya a hannu har ta buɗe kyamara. Matar da ko akuya ta haihu sai guruf ɗin dangi ya gani, har 'yan uwanmu na Legas. Kuna iya cewa wa zai kula da bidiyon Gwaggo? Ni ma na faɗa wa kaina haka. Amma alkawari na yi, kuma ban ce ban da Gwaggo ba.

“Baba, ka yi haƙuri, sirri ne sai an gyara.”

Gwaggo ta yi wata irin shewa. Baba ya ce, “Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ba zan zaunar da dattawa a zaurena raina da tambaya ba. In kin nuna min kafin faɗuwar ranar Juma'a, Asabar tana nan. In ba haka ba zan aika Damari su dakata.”

'Yan uwa, wanda ba ɗan nan ba ba zai gane nauyin maganar ba. Tasowa daga Damari ba kamar tasowa daga unguwa ba ce. Sai an ji labarin hanya, an haɗa motoci, an yi addu'a. Tsofaffin nan sun riga sun shirya. In aka ce musu su dakata, za su ɗauka an raina su ne, kuma ban ga ranar da za su sake ɗaura rawani saboda ni ba. Na shiga ɗaki na yi kukana na ɗan lokaci, na wanke fuska, na jona laftof a caji.

Na tura wa Bilyaminu saƙo: “Gwaggo ta ce ka saki mace sau biyu, har da komawa ɗakinta.” Na jera masa fuskokin dariya. Ya karanta. Can ya rubuto: “Zan zo in ga Baba ranar Juma'a. Kin ci abinci?”

Facin farko da na aika na gaggawa ne, na sani. Layi kaɗan na ƙara, na ce da sashen nan mai ƙulla layi ya riƙa dubawa ko an sake ta kafin ya shiga. Da safiyar Alhamis amsar Mai Duba ta iso, gajera kamar kullum. Ya ce tsakanin dubawarsa da shigarsa fa? In a wannan ƙiftawar idon aka sake ta? Ya ce ban toshe ramin ba, na dai rage masa faɗi. A ƙarshe ya ƙara da cewa na kusa.

Na kusa! Ni da aurena ke rawa ake ce wa na kusa. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiyarsa.

Na koma na zauna a kan turmi a gindin gwaiba na sake bin hanyar tun daga tushe. Sassa biyu ne ke riƙe da mahaɗar nan, kowanne yana ganin shi kaɗai ne. Maganin ba leƙe ba ne. Dole duk mai son ya taɓa ta ya fara kulle ƙofa, ya sa kansa a lissafin masu riƙe da ita, sannan ya buɗe. In ya gama ya cire kansa. Ba mai sakinta sai wanda ya zama na ƙarshe, shi ma yana saki ya goge adireshin don kar wani ya biyo. Faɗar ta fi yin sauƙi. Da na sa kullen a wurin da bai dace ba, sassan biyu suka tsaya kowa na jiran ɗan uwansa ya fara wucewa, kwamfuta ta yi tsit. Na warware, na sake jerawa.

Gwajin kuwa da ƙafa ake yinsa. Laftof na kan turmi tana shan intanet daga wayata, Bilyaminu ya buɗe min wani fayil na gwaji a can asibiti. In fara buɗe shi, in ɗauki waya in ruga madafi sabis ya mutu, in rugo gindin gwaiba ya dawo. Haka na wuni, zanina a ɗaure tamau, silifas ɗina ɗaya har ya tsinke. Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda kunyar 'yar fari, ta gaji da kauce min da tukunya.

“Ke 'yar nan, in Safa da Marwa kike koyo ki bari a biya miki kujera tukuna.”

“Inna, aiki nake.”

“Na gani. Ungo, ki yi aikin da tuwo a ciki.”

Ta miƙo min kwano, ta rage murya. “Ni dai na yarda da ke. Amma ki rage wannan murya taki, don Allah.”

Kafin magariba na aika faci na biyu, tare da bayanin yadda na gwada shi. Ban ɓoye wa Mai Duba komai ba, na ce masa madafin mahaifiyata ne ɗakin gwajina.

Juma'a ta waye ba amsa. Na yi shara, na duba waya. Na yi wanki, na duba waya. Gwaggo ta iso tun kafin azahar cikin leshi ruwan hoda da sarƙarta ta zuwa biki, ta zauna a kujerar roba kamar alƙali, tana ba Inna labarin wani ɗan ƙawarta mai shagon taya a Kaduna wanda “ko budurwa bai taɓa yi ba”. Maza suka tafi masallaci suka dawo. Ina cikin kwashe shanya wayar ta yi ƙara.

Mai Duba ne. Ya ce ya duba, ya gwada, ya karɓa. Ya shigar da facin, da sunana a jiki, Muslimat Ɗalha, inda duk duniya za ta gani, yanzu ina iya faɗa wa wanda na ga dama. Ya ce in gaishe masa da madafin.

Ihun da na yi sai da kaji suka watse.

Bayan la'asar Bilyaminu ya zo cikin farar shadda da hula zanna, ya durƙusa ya gaida Baba, aka ba shi gefen tabarma a tsakar gida, abin da ba a taɓa yi masa ba. Ni kuma na sa doguwar rigata mai ruwan ganye, na ɗora laftof a kan turmi.

“Gwaggo, ke za ki riƙe wayar, don kar a ce na yi dabo.”

Ta karɓa da yatsa biyu. Na kunna tsohuwar manhajar, na fara buɗe fayil, na ce ta shiga madafi ta dawo. Ta tafi tana taku ɗai-ɗai, ta dawo. Allon ya cika da rubutu, komai ya sandare. Na nuna wa Baba layin da ke cewa an taɓa abin da aka riga aka saka, na fassara masa kalma bayan kalma.

Baba ya gyara tabarau. “Wato an sallami baƙo, an ba wani ɗakin, shi kuma ɗan aike bai sani ba.”

“Shi ke nan, Baba!”

“To da haka kika faɗa tun farko ai da zogale bai zube ba.”

Na kunna mai facin. Gwaggo ta shiga madafi ta fito, fayil ya ci gaba da buɗewa abinsa. Ta ce ba ta yarda ba, ta yi saurin fitowa ne. Ta koma ta daɗe. Ta fito, lafiya lau. Sai abin ya zama gasa tsakaninta da kwamfuta. Ta shiga da gudu, ta leƙo ta koma, ta sa wayar a cikin tukunya ta rufe, har bayan rumbu ta zagaya, ɗaurin kanta ya zame, leshi ya kwashi toka. Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ƙarshe Gwaggo ta dawo tana haki ta dangwarar min da wayar.

“Ta ƙi mutuwa. Amma wallahi ku canza wa abin nan suna. Saki ba abin wasa ba ne.”

Baba yana share hawayen dariya da bakin rawaninsa ya ce, “Asabar tana nan. Huraira, ke za ki yi mana waina.”

Daɗin da na ji ba zan iya kwatanta muku shi ba. Na tashi na shiga na haɗo shayi a tire, har da kofunan gilashin Inna da ba a fito da su sai da dalili. Ina fitowa na ji Baba, cikin raha, yana cewa, “To Bilyaminu, ka ga an wanke ka. Kai dai ba ka taɓa sakin kowa ba ko?”

Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya cire hularsa ya riƙe ta da hannu biyu.

“Ban taɓa sakin kowa ba, Baba. Abin da ya kawo ni ke nan yau, tun kafin dattawa su zo.” Ya ci gaba da cewa, “Na taɓa aure a ƙauye. Shekarar da 'yan bindigar daji suka shigo mana, ina gona, suka tafi da mutane, har da ita. Mun nema, mun bi duk inda aka ce. Wasu sun dawo, ita ba wanda ya ce ya gan ta a raye, ba wanda ya ce ya ga gawarta. Dattawa sun ce in bar zancen a baya, kar in faɗa. Amma har yau babu saki tsakaninmu.”

Gwaggo Huraira ta koma ta zauna a kujerar roba. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye tiren. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ya kama ni, na kasa gane wanne ya fi yawa. Baba ya mayar da tabaransa aljihu a hankali, ya juyo gare ni.

“Muslimat, kin san da wannan?”

Bilyaminu ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun shigowarsa.

Na ce, “Yanzu nake ji, Baba.”